Annobar Mura da Gadajen Asibiti a Kudancin Kaduna

Daga farkon ƙarni na 20 zuwa yau, sau huɗu sabuwar ƙwayar cutar mura ta game duniya: a 1918, da 1957, da 1968, da 2009. Masana ba sa gardama kan ko ta biyar za ta zo, domin ƙwayar tana nan cikin tsuntsaye da aladu da mutane tana ta sauya kama. Shekarar zuwan nata ce kawai ba ta da alƙawari. Abin da ya rage wa gari irin Kafanchan, da ƙananan hukumomin da marasa lafiyarsu ke gangarowa asibitocinsa, Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba da Sanga, shi ne ya san waɗanda za a ba gado idan ranar ta zo, da abin da kowannensu zai buƙata a kan gadon. Lissafin annobar da aka riga aka gani ya nuna abu biyu: yara ne ke cika ɗakunan jinya, manya kuma su suka fi mutuwa bayan an kwantar da su. A kudancin Kaduna akwai haɗari na uku da ya haɗa yaro da babba, wato isowa a makare, a kuma tarar da gadon da babu iskar oksijin a gefensa. Don haka shirin da zai ceci rai a wannan yanki shi ne wanda zai sa a gane mai tsananin ciwo da wuri, a kuma same shi da iska kusa da gida, tare da sanin cewa buƙatar yaro daban, ta babba daban.

Sai an fara raba mura da mura. Wadda kowa ya sani, ta atishawa da majina da toshewar hanci, ƙwayoyi iri-iri ne ke kawo ta, kuma cikin mako guda ta wuce. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce likitoci ke kira infuluwenza, mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da tari, wadda kan gangara huhu. Duk shekara tana zagayowa, jikin jama'a ya saba da ita, shi ya sa ta fi cin tsofaffi da jarirai. Annoba tana tashi ne idan wata sabuwar ƙwaya ta ɓullo wadda jikin yawancin mutane bai taɓa gamuwa da ita ba, kuma a nan ne lissafin shekaru ke juyewa. Ta 1918, wadda mutanen ƙasar Hausa suka sa wa suna marisuwa, ta yi ɓarna mai yawa cikin masu shekara 20 zuwa 40. Ta shigo Najeriya ta tashar jiragen ruwa ta Legas a watan Satumba, ta bi layin dogo da koguna zuwa arewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum kusan 500,000 cikin al'ummar da ba ta wuce miliyan 18 ba. A 2009 ma tsofaffi da yawa sun sami kariya, domin tun suna yara jikinsu ya taɓa karawa da 'yar'uwar ƙwayar H1N1 da ta kawo annobar. Ƙiyasin da aka yi daga baya ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda ta kashe ba su kai shekara 65 ba, alhali a murar shekara-shekara a ƙasashen Turawa tsofaffi ne mafi rinjaye cikin mamata.

Annobar 2009 ce aka fi rubuta lissafinta gado bayan gado, saboda haka daga gare ta ya kamata a ɗauko hujja. Ta ɓulla a Meziko da Amurka a watan Afrilu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annobar duniya ranar 11 ga Yuni, ta kuma sanar da ƙarewarta ranar 10 ga Agustan 2010. A rahoton farko mai girma da aka fitar a Amurka, kan mutum 272 da aka kwantar tsakanin Afrilu da Yuni, kashi 45 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 18, masu shekara 65 zuwa sama kuwa kashi 5 ne kacal. A jihar Kalifoniya, inda aka bi lissafin mutum 1,088, jarirai 'yan ƙasa da shekara guda ne suka fi kowane rukuni yawan kwanciya idan aka auna da adadinsu cikin jama'a. A Buyenos Aires ta ƙasar Ajantina, binciken yara 251 da aka kwantar ya nuna yawan kwanciyar yara ya ninka na murar da aka saba sau biyu, yawan mutuwarsu kuma ya ninka sau goma. Dalilin bai da wuyar ganewa. Hanyar iskar yaro ƙarama ce, majina kaɗan ke toshe ta. Yana saurin bushewa idan ya ƙi nono ko ruwa. Makaranta tana cuɗa yara a ɗaki ɗaya su kwaso ciwon su kai gida. Kuma iyaye da likitoci sun fi saurin tsorata da numfashin jariri, sai a ba shi gado ko don a sa masa ido.

Amma wanda ya tsaya a nan ya ce annobar ta yara ce, ya karanta rabin littafi. A lissafin nan na Kalifoniya yara su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiyar, amma kashi 7 ne kawai cikin 100 na mamatan. Waɗanda suka haura shekara 50 kuwa, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda ciwon ya yi wa tsanani ya rasu. A Ostireliya da Niyu Zilan, cikin watanni uku na sanyinsu, an kwantar da mutum 722 a ɗakunan kulawa ta musamman, mafi yawansu manya ne da ba su tsufa ba, kuma kusan kashi 9 cikin 100 mata ne masu juna biyu. A Amurka masu juna biyu ba su wuce kashi 1 cikin 100 na jama'a ba, amma su ne kusan kashi 5 na mamatan. Ciki yana tura huhu sama yana rage masa wurin buɗewa, yana kuma sassauta garkuwar jiki, musamman a watanni ukun ƙarshe. Sannan cikin mutum 272 na rahoton farko, kusan kashi uku cikin huɗu suna ɗauke da wani ciwo tun da farko: asma, ciwon suga, ciwon zuciya, ko larurar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a yara. Ashe asibitin da ke shiri yana da aiki iri biyu a gabansa. Ɗakin yara zai buƙaci gadaje da yawa na kwana kaɗan-kaɗan, ɗakunan manya da na haihuwa kuma za su buƙaci gadaje kaɗan amma masu cin iska da magani da idon ma'aikaci dare da rana.

Waɗannan alƙaluma na ƙasashen da jikin jama'arsu ya bambanta da namu ne, kuma bambancin bai zo mana da sauƙi ba. Fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa kusan kashi 3 ne. Idan yara sun kai kusan rabin majinyata a Amurka, inda ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a ba, to ɗakin yara na Kafanchan ko na Zonkwa ko na Kwoi shi zai fara cika, kuma nan da nan. Cututtukan da ke raunana mutum tun kafin mura ta same shi su ma namu daban ne. A Afirka ta Kudu, cikin mutum 91 na farko da annobar 2009 ta kashe, fiye da rabin waɗanda aka yi wa gwaji suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu masu juna biyu ne, wasu kuma suna fama da tarin fuka. A nan sai a ƙara da sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, kuma mura kan jefa mai ita cikin ciwon ƙirji mai kisa; a ƙara da tamowa, da ƙarancin jini bayan zazzaɓin cizon sauro, da hayaƙin icen girki da uwa da goyonta ke shaƙa kullum. Tun babu annoba, hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa ciwon limoniya ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar 162,000 a Najeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. A kan wannan ne sabuwar mura za ta sauka.

Mai karatu zai iya cewa ai 2009 ta zo ta wuce, ba a ji asibitocinmu sun cika ba. Gaskiya ne alƙaluman Najeriya kaɗan ne, amma sai a dubi yadda aka tara su. Sai a 2008 aka fara sa ido kan mura a ƙasar nan, da cibiyoyi huɗu: asibitin koyarwa na Aminu Kano, da asibitin Asokoro a Abuja, da na koyarwa na Nnewi, da na jami'ar jihar Legas. Su ne suka nuna cewa ƙwayar ta makara kafin ta bazu a Afirka ta Yamma, sai a farkon 2010 ta yi ƙarfi, bayan hankalin duniya ya koma wani wuri. Wanda ya mutu da zazzaɓi da tari a Gwantu ko Manchok a watannin nan, babu mai goge masa maƙogwaro a kai gwaji Abuja. A duniya baki ɗaya ma, mamatan da gwaji ya tabbatar kusan 18,500 ne, amma ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya kai tsakanin 151,700 da 575,400 a shekarar farko, kuma kusan rabinsu a Afirka da kudu maso gabashin Asiya, inda gwaji ya fi ƙaranci. Kano ta nuna mana irin wannan giɓi a watan Afrilun 2020, lokacin da masu haƙan kabari suka riga likitoci sanin cewa wani abu na faruwa. Da ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ba da rahoto daga baya, ya ce an ƙirga mamata 979, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da korona, kuma fiye da rabinsu a gida suka cika. A wurinmu rajistar asibiti tana ƙirga wanda ya iso ne, ba ta ƙirga wanda ya kamu.

Hanyar isowar kuwa doguwa ce. Zazzaɓi a ƙauyen kudancin Kaduna daga kemis yake farawa, a sayi maganin maleriya da farasitamol, a ba shi kwana biyu ko uku. Idan bai sauka ba sai a ce taifot ne, a ƙara wani maganin. Ko an je ƙaramin asibiti an yi gwajin jini ya nuna maleriya, hakan bai wanke huhu ba, domin yaro yana iya ɗaukar ciwo biyu a lokaci guda, kuma sau da yawa ma'aikaci kan tsaya a abin da gwaji ya nuna. Kuɗi ma yana ja da baya, tunda fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita. Ga matsalar tsaro, wadda ta sa ɗan acaɓa ba ya yarda ya bi wasu hanyoyi bayan magariba, alhali numfashin yaro da dare ya fi rikicewa. Ga dubban mutanen da hare-hare suka raba da gidajensu, suna cunkushe a makarantu da majami'u da gidajen dangi. Magidanci kuma, wanda lissafi ya nuna ya fi yaro haɗarin mutuwa idan ciwon ya kai huhu, shi ne ya fi kowa jinkiri, domin kwanciyarsa asarar yini ce a gonar citta ko a kasuwa, kuma da kunya a ce namiji ya kwanta asibiti don mura. Cutar mashaƙo da ta ɓulla a Kafanchan a watan Yulin 2023 ta kuma ci rayukan yara, ta isa gargaɗi kan yadda ciwon maƙogwaro da numfashi ke yin ɓarna a unguwa kafin labari ya kai ga hukuma.

Lokacin da ciwon ya fi yaɗuwa ma ya faɗa kan lokacin da yankin ya fi cika da baƙi. Sa idon da aka yi a Najeriya ya nuna mura tana ƙaruwa a watannin rani na hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris. A watannin ne ake haƙar citta fatake su shigo, ake kuma komowa gida daga Abuja da Kaduna da Jos da Legas don Kirsimeti da sabuwar shekara, da bukukuwan aure, da bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu. Hanyoyin shigowar ƙwayar ma sun ƙaru: a 1918 Kafanchan ba ta kan layin dogo. Sai wajen 1927 ta zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu zuwa Kaduna da Jos, kuma wannan mahaɗa ce ta gina garin. Jirgin ƙasa ya ja baya yanzu, amma motoci sun gaje shi: hanyar Jos, da ta Akwanga, da ta Kachia zuwa Kaduna, da ta Kwoi zuwa Keffi da Abuja. Ƙwayar da ta sauka a filin jirgin saman Abuja da safe tana iya kwana a Kafanchan. Mai shiri ba zai ɗauka cewa nisa zai sake ba mu watannin jinkirin da aka samu a 2009 ba.

To me gadon yake buƙata? Mura tana kisa ta hanya biyu: ko ƙwayar da kanta ta cika huhu da ruwa, ko ta share wa ƙwayoyin bakteriya hanya su kawo limoniya. Binciken da aka yi kan naman huhun mamatan 1918 ya nuna yawancinsu limoniyar bakteriya ce ta ƙarasa su, a zamanin da babu maganin kashe ta. Yau akwai amoksisilin da allurai masu araha. Abin da ya fi ƙaranci shi ne iska da na'urar gane mai buƙatarta, wato 'yar ƙaramar na'urar da ake maƙala wa yatsa ta nuna yawan oksijin a jini. Idan ta nuna ƙasa da 90, mutum na buƙatar iska, ko da ido bai ga alama ba. A ƙasar Papuwa Niyu Gini, da aka sa wannan na'ura da injinan tace oksijin a wasu asibitocin karkara, mutuwar yara masu limoniya ta ragu da kashi 35 cikin 100. A nan ne kuma bambancin yaro da babba ya zama lissafin lita. Jariri yakan wadatu da lita 1 zuwa 2 a minti, saboda haka inji guda mai ba da lita 5 ko 10, idan an sa masa marabar bututu, zai iya riƙe yara huɗu ko biyar. Babba mai tsananin ciwo daga lita 5 yake farawa, yana iya kai wa 10 ko 15, wato shi kaɗai zai shanye injin. Asibitin da ya sayi injuna bai yi wannan lissafi ba zai wayi gari ma'aikaciyar jinya tana zaɓe tsakanin uba guda da yara biyar. Injin kuma ba ya aiki sai da wuta ba yankewa, saboda haka sola da batir da mai gyara suna cikin maganin, tare da tukwanen iska na ko-ta-kwana.

Daidai da wannan a muhimmanci shi ne sanin wanda ba za a kwantar ba. Mafi yawan masu kamuwa, ko a annoba, a gida suke warkewa da hutu da ruwa da farasitamol, banda asfirin ga yara domin yana iya taɓa musu hanta da ƙwaƙwalwa. Idan kowa ya ruga babban asibiti, gadaje za su ƙare a kan masu sauƙin ciwo, layin jira kuma ya zama wurin rabon cuta. Alamomin da ke raba su ba sa buƙatar digiri. Jaririn da bai kai wata biyu ba idan yana numfashi sau 60 a minti, ɗan wata 2 zuwa 11 sau 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 sau 40, numfashinsa ya yi sauri, a kai shi a duba. Idan ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko ya kasa shan nono, ko yana jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, wannan na gado ne ba jira. Babba mai haki yana zaune, ko ciwon ƙirji, ko ruɗewa, ko wanda ya fara samun sauƙi zazzaɓi ya dawo masa da ƙarfi, shi ma haka. Mai juna biyu da mai sikila da mai ƙanjamau kuwa, ranar farko ya kamata a gan su. Sai a tuna cewa a asibitocinmu yaro ba ya kwanciya shi kaɗai: uwa tana gefen gadon, sau da yawa da goyo ko da ciki, wato mai jinyar ita ce rukunin da ciwon ya fi yi wa haɗari. Ware ɗakin masu tari daga ɗakin haihuwa, buɗe tagogi, ba mai jinya takunkumi, da taƙaita 'yan dubiya, duk ba su da tsada.

Akwai mai cewa an tsorata mu da korona, aka rufe jihar Kaduna tun watan Maris na 2020, aka hana kasuwa da sallar Juma'a da sujadar Lahadi, ƙarshe mamatan da aka tabbatar a Najeriya duka ba su wuce 3,000 da 'yan kai ba. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma wahalar kullen ta bar tabo da rashin yarda wanda duk mai shiri dole ya yi la'akari da shi. Amma babban abin da ya sassauta mana korona shi ne ƙuruciyar jama'armu, domin ita tsofaffi ta fi ci, yara kuwa da wuya ta kai su asibiti. Annobar mura ba ta bin wannan ƙa'ida. A 1918 da 2009 ta karkata ne ga yara da matasa da masu juna biyu, wato ainihin inda yawanmu yake. Ƙuruciyar da ta kare mu a 2020 ita ce za ta cika mana ɗakunan jinya idan mura ce ta zo. Kuma abin da ake kira gare shi a nan ba kulle ba ne. Gwargwadon yadda asibiti ya iya riƙe marasa lafiyarsa, gwargwadon yadda hujjar rufe kasuwa ke raguwa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: da wane kuɗi, alhali maleriya da gudawa da haihuwa suna kashe mutane yau, annoba kuwa sai an jira ta? Da a ce shirin na sayen kaya ne a kulle a sito har ranar da ba a sani ba, da mai ƙorafin ya yi gaskiya, kuma an ga irin wannan ɓarna bayan korona a wurare da dama. Amma duk abin da aka lissafa a sama yana da aiki gobe da safe. Iskar da za ta riƙe mai mura ita ce ke riƙe bakwaini, da yaro mai limoniya, da mai maleriyar da ta shanye jini, da matar da ta zubar da jini wajen haihuwa, da wanda aka kwaso daga hatsarin mota. Allurar rigakafin limoniya da Najeriya ta fara bai wa jarirai daga ƙarshen 2014, da allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar da ta riga ta shigowa, suna rage bakteriyar da ke bin bayan mura, kuma ita mai biyar ɗin ce ke hana mashaƙo. Injin da ake amfani da shi kullum shi ne ake gyarawa, ma'aikacin da ke auna iska kullum shi ne ba zai ruɗe ba ranar da layi ya kai bakin ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu kuma za su ce an riga an magance matsalar, tunda a 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, a asibitin tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa. Wannan ci gaba ne na gaske ga yankin da ya daɗe yana tura masu tsananin ciwo Jos ko asibitin Barau Dikko a Kaduna ko na Shika, tafiyar sa'o'i da mai ƙarancin iska ba lallai ya kai ƙarshenta ba. Ɗakin kulawa ta musamman da na'urorin taimakon numfashi suna da amfani, amma ko a Amurka kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka kwantar ne suka shiga irin wannan ɗaki. Sauran iska da magani da jinya suka tashe su. Cibiya guda ba za ta ɗauke nauyin yanki duka ba idan manyan asibitocin Kachia da Kwoi da Gwantu da Kaura, da na mishan irin Saint Louis na Zonkwa, ba su iya riƙe nasu ba. Allurar rigakafin sabuwar ƙwaya kuwa tana ɗaukar wata biyar zuwa shida kafin a fara samunta. A 2009 sai Oktoba Amurka ta fara yi, yawancin ƙasashen Afirka kuma sai cikin 2010 tallafin ya iso gare su. Maganin Tamiflu, wanda masana suka yi ta muhawara kan ƙarfinsa, wani babban nazari kan majinyata fiye da 29,000 ya danganta shi da raguwar mutuwar manya, musamman idan an fara shi cikin kwana biyu. Wanda ya shafe kwana huɗu tsakanin kemis da gida ya riga ya wuce wannan ƙa'ida, saboda haka ko maganin ma saurin isowa yake jira.

Saura batun dabbobi, wanda ke buƙatar a yi shi da hankali a yankin da addini da abinci kan zama abin faɗa. Jihar Kaduna ce wurin da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a nahiyar Afirka, a gonar Sambawa da ke Jaji a watan Fabrairun 2006, kuma a farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Cikin mutanen da aka tabbatar sun kamu da ita a duniya tun 2003 kusan rabi sun mutu, a 2024 kuma ta shiga shanun madara a Amurka. Alade yana iya ɗaukar murar tsuntsu da ta mutum a lokaci guda, ƙwayoyin su yi musanyar ƙwayoyin halitta a jikinsa, shi ya sa kasuwar aladu ta Katsit da ke gefen Kafanchan, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar nan, ta cancanci likitocin dabbobi su riƙa ɗaukar samfur a cikinta, kamar yadda kasuwannin kaji da gonakinsu suka cancanta. Wannan kariya ce ga masu sana'ar, ba tuhuma ba. Masar ta yanka aladu kusan 300,000 a 2009, hakan bai hana cutar shiga ba, domin daga mutum zuwa mutum take tafiya. Abin da ya bari shi ne talauci da ƙullaci tsakanin al'ummomi. Ranar da mura ta zama annoba, mai kaji da mai alade da wanda bai taɓa kusantar ko ɗaya ba layi guda za su bi.

Abin da ya kamata a yi, ke nan, sananne ne kuma yana da masu shi. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta san adadin wuraren ba da iska masu aiki a ɗakin yara da na manya da na haihuwa a kowane babban asibitin yankin, ta lissafa su da lita, tare da awannin wutar da ke bayansu. Kowane ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin mazaɓu, waɗanda jihar ta ware guda 255 don gyarawa, ya mallaki na'urar auna iska mai bakin da ya dace da yatsan jariri. Kwalejin koyon jinya da ungozoma ta Kafanchan da kwalejin fasahar lafiya ta ECWA a Kagoro su yaye ɗaliban da ƙirga numfashi da sa bututun iska ya zame musu jiki, a kuma koya wa masu kemis alamomin da za su ce wa mutum ya wuce asibiti. Sabuwar cibiyar tarayya ta nemi shiga cikin wuraren da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke karɓar samfurin mura daga gare su, domin yankin ya riƙa sanin abin da ke yawo a cikinsa. Hukumar inshorar lafiya ta jiha kuma ta bayyana tun yanzu cewa iskar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da ta mai juna biyu ba za ta jira a biya kuɗi ba, limamai da fastoci da sarakuna su isar da wannan magana kafin hunturu mai zuwa.